Awon Igiya Ya Cinye Filin Makaranta

Ranar 8 ga watan Yuni na shekarar 2024, Gwamnan Jihar Kano, Abba Kabir Yusuf, ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. A jawabinsa na wannan rana ya faɗa da bakinsa cewa ɗalibai fiye da miliyan 4.7 a ƙasa suke zama su ɗauki darasi, kuma akwai makarantu 400 da malami ɗaya tak ne yake riƙe da kowace. Ba 'yan adawa ne suka yi wannan ƙididdiga ba, mai riƙe da mulki ne ya karanta ta a bainar jama'a. Tun daga nan aka shiga maganar benci da fenti da ɗaukar malamai, kuma duk abubuwa ne da ake buƙata. Sai dai akwai wani abu da ya riga benci, wanda ba a cika ambatonsa ba, shi ne ƙasar da za a gina ajin a kanta.

Wanda yake son ya gane wannan al'amari, to ya fara daga Kasuwar Sabon Gari. Kasuwar tana cikin Ƙaramar Hukumar Fagge, amma da yawa daga cikin waɗanda ke tashi da ita kullum ba a Fagge suke kwana ba. Fagge ta cika tuntuni, kuɗin haya a cikinta ya fi ƙarfin yaron shago, gidajen da ke daf da kasuwa kuma ana ta mayar da su shaguna da sito. Ɗan dako da mai tura baro da mai A Daidaita Sahu da ƙaramin ɗan tebur, da magariba ta yi sai su kama hanyar Bachirawa ko Rijiyar Zaki ko Gayawa ko Tudun Fulani ko Panisau, wato ƙasar Ungogo, wasu kuma su nausa kudu zuwa Sheka da Panshekara da Mariri a ƙasar Kumbotso. A kasuwa ake neman kuɗin, a bayan gari ake haihuwar 'ya'yan. Nauyin karantar da su kuwa yana wuyan Hukumar Ilimi ta waɗannan ƙananan hukumomi, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Ilimin Bai-Ɗaya ta Jiha, SUBEB.

A ƙidayar 2006 an samu kimanin mutum 200,000 a Fagge, aka samu kusan 370,000 a Ungogo. Daga wannan shekara zuwa yau ba a sake ƙidaya a Nijeriya ba. Amma duk wanda ya san hanyar Katsina ko hanyar Gwarzo a wancan lokaci, ya kuma bi su yanzu, ba ya buƙatar ma'aikacin ƙidaya ya gaya masa abin da ya faru. Inda ake gero da dawa, yau gidaje ne manne da juna har iyakar ganin ido. Abin takaicin shi ne, kason da ƙananan hukumomi ke samu daga asusun tarayya, kashi 40 cikin ɗari raba-daidai ake yi masa, kashi 30 ne kawai ke bin yawan jama'a, shi ɗin ma tushensa tsohuwar ƙidaya ce. Daga wannan kaso ake cire albashin malaman firamare. Ke nan ƙaramar hukumar da ta fi kowace karɓar baƙi ana auna mata abinci da mudun da aka yanka tun yaran da ke neman aure yau suna goye.

To, yaya waɗannan unguwanni suka tashi? Amsar kowa ya san ta: awon igiya. Mai gona ya ga birni ya iso shi, ko magada su matsu a raba musu gado, sai a kira dillali. Dillali ya zo da igiyarsa da turakunsa, a yanka gona fuloti-fuloti, a bar ɗan lungun da ko motar kashe gobara ba za ta iya shiga ba, a sa hannu a takarda a gaban shaidu da mai unguwa, kowa ya karɓi la'adarsa ya watse. Gonar da ke maƙwabtaka da ita ma haka za a yi mata bayan wata shida. Babu wanda ya yi sata a cikin wannan ciniki, mai gona hakkinsa ya sayar, mai saye kuma guminsa ya bayar don ya huta da gorin mai gidan haya. Amma idan aka yanka gonaki hamsin a jere ta wannan hanya, za a wayi gari da unguwa mai dubban yara wadda babu taku ɗaya na filin makaranta a cikinta, balle asibiti ko maƙabarta. Filin masallaci ba ya gagara, domin ba a rasa bawan Allah da zai ba da fuloti ɗaya wakafi, kuma madalla da hakan. Makaranta kuwa fuloti ɗaya ba ya isar ta, ga shi kowa ya ɗauka aikin gwamnati ce, ita kuma gwamnati sai an gama gini an tare sannan take sanin an yi unguwa.

Ba don an rasa tsari ba ne. Tun zamanin Jihar Arewa aka zana wa birnin Kano da kewayensa tsarin shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983, wanda ake kira tsarin Trevallion. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta kuma ba shi ikon karɓar fili domin amfanin jama'a, a biya diyyar abin da ke kai. Akwai hukumar KNUPDA da aka ɗora wa tsara birni. Abin da aka rasa shi ne a riga igiya isa gona. Tun ran gini ran zane. Gonar da za a iya karɓa yau da diyya mai sauƙi, bayan shekara biyar sai an rushe gidajen talakawa ashirin kafin a same ta, kuma babu mai hankalin da zai goyi bayan haka.

Sakamakon yana nan a fili. Tsohuwar firamaren ƙauye, wadda aka gina wa 'ya'yan manoma a zamanin shirin UPE na 1976, ita ce yau take ɗaukar yaran unguwanni huɗu ko biyar. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. A bayan garin Kano aji mai yara fiye da ɗari ba ya ba kowa mamaki. Malamin da ke gaban irin wannan aji ba koyarwa yake yi ba, tsaro yake yi. Kiran suna kaɗai zai cinye masa rabin darasi, duba littafin kowane yaro kuwa sai dai a mafarki. Da abin ya ƙi, sai a raba yara 'yan safe da 'yan rana, kowa ya sami rabin karatu, 'yan rana kuma su rasa Islamiyyarsu ta yamma. Inda aka samu kuɗin ƙarin azuzuwa, a filin wasa ake dasa su, har makaranta ta koma kamar gidan haya. Mai ɗan hali ya cire ɗansa ya kai shi makarantar kuɗi, wadda sau da yawa gida ne mai ɗaki huɗu aka liƙa wa allo a ƙofa. Marar hali ya zuba ido. Yaro ya gama aji shida bai iya karanta rasit ba, ya ga babu riba a zaman, sai ya bi yayansa kasuwa. Da haka Sabon Gari take samun sababbin masu tura baro duk shekara.

Kuma abin kunya ne a ce wannan yana faruwa a inuwar kasuwar da ke ɗauke da sunan Muhammadu Abubakar Rimi, gwamnan da a zamaninsa, a 1980, aka kafa Hukumar Yaƙi da Jahilci ta Jihar Kano, wadda aikinta ya jawo wa jihar lambar yabo daga UNESCO. Da gobara ta ci kasuwar a watan Maris na 2016, ba a kwana biyu ba manya suka yi ta sintirin jaje, aka kafa kwamiti, aka buɗe asusun taimako. Daidai ne, dukiya ce ta ƙone. Amma asarar da ake yi a azuzuwan Ungogo da Kumbotso ba ta da hayaƙi, shi ya sa babu mai zuwa jaje.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa uba ya sa ɗansa a makaranta. Wanda ya ƙi, a karon farko a yi masa gargaɗi, a karo na biyu tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya. Gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ma a 2019 ta shelanta ilimi kyauta kuma dole. To uban da ya kamo hannun ɗansa ya kawo shi, ya tarar babu wurin zama, wa za a ci tara? Ita wannan doka ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin ilimin farko, jiha ta kawo nata kason ta karɓi na tarayya. Amma kuɗin gini ba ya amfani ga unguwar da ba ta da inda za a haƙa harsashi. An ga yadda ta kaya a watan Yuni na 2023, lokacin da aka rushe shagunan da aka gina a filayen gwamnati a cikin birni, har da na jikin wasu makarantu: asara da shari'a da gaba. Ƙwato fili bayan an gina shi ba wasa ba ne.

Saboda haka wajibi ne gwamnati ta aika ma'aikatanta gaban birni, inda gonaki suka rage a Ungogo da Kumbotso da gefen Dawakin Tofa da Gezawa, ta ware filayen makarantu yanzu, ta biya masu su diyya ta gaskiya ba tare da ja musu rai ba, ta katange, ta yi musu takarda da sunan makaranta yadda wani mai mulki ba zai zo gobe ya yanka su ba. Dagatai da masu unguwanni kuma su daina sa hannu a kan babban yanka matuƙar ba a fitar da rabon makaranta ba. Attajiran Sabon Gari da Kantin Kwari da Singa, waɗanda ke sayen gonaki su ajiye suna jiran tsada, su sani cewa filin makaranta ma wakafi ne, kuma 'ya'yan yaransu ne za su zauna a ciki.

Amma kaso mafi girma yana kan samari, domin su ne masu sayen fulotin nan da kuɗin adashi, su ne kuma za su kai yaro aji ɗaya nan da shekara shida ko bakwai. Saurayin da ke ciniki da dillali, kamar yadda yake tambayar ina ruwa yake bi da damina, haka ya kamata ya tambayi ina makaranta. In babu, masu saye goma ko ashirin su haɗa kai tun kafin a zuba bulo, su je wurin mai gona da mai unguwa, su rubuta wa Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma, su ajiye kwafin takardar. Inda kuma makarantar take, akwai kwamitin al'umma mai kula da ita, wanda ake kira SBMC, kuma akwai kujerar matasa a cikinsa. A je a tambayi hedimasta yaushe ne zama na gaba, a kuma nemi ganin takardar filin makarantar da iyakokinsa.