Tsohuwar Mustang mai hatsari ba araha ba ce

Jama'a, mun gaji da ganin samarinmu a Jalingo suna zuba kuɗi a tsofaffin motocin tsere irin Mustang da suka yi hatsari, wai fenti kawai suke buƙata. Wane fenti? Ku sa makanike ya shiga ƙarƙashi tukuna. In shasi ya lanƙwashe, ko an miƙe jikin, motar za ta riƙa ja gefe guda tana cin taya, kuna ciki.

Peugeot 504, da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, ko yaron gareji ya san cikinta. Mustang kuwa, fitila ɗaya sai an aika Ladipo a Legas, ƙila ma Amurka. Kuma motar da cikinta ke jan ƙasa, hanyar Numan za ku bi da ita?