Wasannin Yaƙi a Hannun Yaran da Suka Ga Yaƙi

Tun da muka dawo Alhilla Kuku daga gudun hijira, ƙorafin da iyaye suka fi kawo mini shi ne na wasan bindiga. Wata uwa ta tare ni a ƙofar makaranta ta ce, "Ustaz, yaron nan da ya riƙa kwana ƙarƙashin gado saboda ƙarar harsasai, yau shi ne ke harbi a waya har asuba. Ka gaya musu haramun ne mana." Na ce, "Hajiya, fatawa ta malamai ce, amma bari in ga abin da suke bugawa tukuna." Na zauna da ɗalibaina, na bi su shagon wasa, na kuma karanta tarihin wasannin. Abin da na fahimta shi ne, hana su baki ɗaya ba zai yiwu ba, kuma zuba su duka a kwando ɗaya kuskure ne.

Ga iyayen da ba su taɓa leƙawa ba: a irin wannan wasa, allon yakan zama idon soja. Hannu kawai kake gani da bakin bindiga, sai ka ji kamar kai ne a filin daga. Medal of Honor ya fito a 1999, kuma mai shirya finafinan nan Steven Spielberg ne ya kawo tunaninsa. Battlefield 1942 ya biyo baya a 2002, sai Call of Duty a 2003. Dukansu a kan Yaƙin Duniya na Biyu suka fara. Yaranmu kuwa sun fi sanin PUBG da Free Fire, domin su ne ke shiga ƙaramar waya.

Tambayoyi biyu nake auna kowane wasa da su. Me ke faruwa idan mutum ya mutu? Kuma wa aka mayar abokin gaba?

A yawancin Call of Duty, in an harbe ka sai ka laɓe bayan bango na 'yan daƙiƙoƙi, rauni ya warke da kansa. A Modern Warfare na 2007 akwai wani mataki da kake cikin jirgin yaƙi a sama, mutanen ƙasa sun zama ɗigo-ɗigo a allo, kana danna maɓalli suna ɓacewa. Mu da muka zauna a Bahri bayan 15 ga Afrilu 2023, muka san kukan jirgi maras matuƙi, mun san cewa kowane ɗigon nan ɗan wani ne. Wani ɓangare na wasan kuma a wata ƙasar Larabawa marar suna yake, inda masu kama da mu ne ake harbi. PUBG ba shi da wannan labarin, amma darasinsa ma bai yi mini ba: mutum ɗari a tsibiri, wanda ya rage shi ne gwarzo, kuma kayan gawa ganima ne. Wanda ya dawo ya tarar an wawashe gidansa ba zai so ɗansa ya saba da wannan ba.

Battlefield 1 na 2016, wanda aka gina a kan Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya ɗan bambanta. A farkonsa, duk sojan da kake riƙe da shi in ya faɗi, sai allon ya nuna sunansa da shekarar haihuwarsa da ta mutuwarsa, sannan a ba ka wani. Na ga yaro ya lissafa shekarun ya yi shiru. Arma 3 kuma ya fitar da wani ƙari a 2017 tare da ƙungiyar Red Cross ta duniya, inda aikinka shi ne kwance nakiyoyin da yaƙi ya bari. Wannan ya shafe mu kai tsaye, tunda har yanzu muna gargaɗin yara kada su taɓa baƙon ƙarfe a kango ko a fili.

Wani zai ce ai wasa wasa ne. To, rundunar sojan Amurka ba ta ɗauke shi haka ba, domin ita da kanta ta fitar da America's Army a 2002 don jawo matasa aikin soja. Gwamnatin Poland kuma ta sa This War of Mine, wasan da ke nuna wahalar fararen hula a garin da aka yi wa ƙawanya, cikin kayan karatun makarantu. Kowa ya san abin yana koyarwa. Ban ce wasa ne ya kawo mana yaƙi ba, waɗanda suka kawo shi ba a waya suka koya ba. Tsorona shi ne yaron da ya riga ya ji rauni a zuciya ya saba ganin mutuwa ba ta da nauyi.

Shawarata ga iyaye: ku duba alamar shekaru, domin yawancin Call of Duty na 'yan 18 ne zuwa sama. Ku karɓi waya da dare. Ku zauna kusa da yaro ko sau ɗaya a mako, ku tambaye shi wanda ya harba ɗin nan, wane ne shi, yana da uwa? Ku gaya masa wasiyyar Sayyidina Abubakar ga mayaƙa, cewa ba a kashe mata da yara da tsofaffi, ba a sare itatuwa masu 'ya'ya. In kuma kun ga yana firgita cikin barci bayan wasa, ku raba shi da wasan, ku nemi mai ba da shawara. Na koma na gaya wa Hajiya haka, ta ce za ta gwada. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.