Araha ba ta ado: kafin ka sayi motar tsere ta hannu

Duk shekara, da an gama cire aya, an kai ridi da wake kasuwa, akwai wani zazzaɓi da ke kama matasanmu masu ɗan abin hannu, daga Gidan Rumji har Agye da Gazawa. Dillalan mota na Lome da na Yamai sun san lokacin sarai. Sai ka ga hotuna suna yawo a waya: Mustang ja, Camaro baƙa, BMW mai ƙofa biyu, kowace an wanke ta tana walƙiya. Ƙarƙashin hoton an rubuta wai tsohon Bature ne ya riƙe ta, bai cika fita da ita ba. Cikin makonnin nan mutum uku suka nemi shawarata a kan irin wannan ciniki, har da ɗan kasuwar aya wanda muka yi makaranta tare. Amsar da na ba su ita zan ba ku a fili: kada ku saya. Kuma ga dalilaina, wanda yake da ja ya zo da nasa lissafin.

Mu fara da tambayar da dillali ba ya so a yi masa: me ya sa ta yi araha haka? Motar da aka saye ta sabuwa da kuɗin gina gidan bene, yaya aka yi ta faɗo har hannunka ya kai? Mai ita na farko ba wawa ba ne. Ya more ta lokacin da kamfani ke ɗauke da gyaranta, ya rabu da ita da ya hango manyan gyare-gyare na tafe. A Jamus, motar da ta wuce shekara 3 sai an kai ta bincike duk bayan shekara 2, in ta faɗi ba ta hawa titi sai an gyara. Da yawa cikin waɗanda gyaransu ya fi ƙarfin darajarsu jirgin ruwa ake ɗora su. A watan Oktoban 2020 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da motocin hannu miliyan 14, kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufo. Rahoton ya ce da yawansu ba su da ingancin da za a bar su a kan titunan ƙasashen da suka fito. Ta Amurka kuwa, akwai waɗanda suka yi hatsari ko ambaliya ta shanye su, kamfanin inshora ya yi gwanjonsu, aka buga musu fenti a hanya.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne wannan: kuɗin motar ne ke faɗuwa, kuɗin kayan gyaranta yana nan inda yake. Birkinta, tayarta mai faɗi, famfon mai, ƴan na'urorin da ke cikin injin, duk farashin mai kuɗin Turai ne. Ka sayi motar da kuɗin ta hannu, za ka riƙe ta da kuɗin sabuwa. Bashin gyaran da Bature ya gudu ya bari, kai ka biya jirgi da duwan aka kawo maka shi har gida.

Kawowar ma ba kamar da ba ce. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 hanyar Kwatano ta toshe, kaya suka koma sauka Lome, su ratsa Burkina cikin ayari da rakiyar soja. Kwanaki sun ƙaru, kuɗin ɗauko kaya ya ƙaru. Wannan tsadar ba ta tsaya ga motar kaɗai ba. Ranar da wani ɗan ƙarfe ya mutu a cikinta, in ba a same shi a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ba, sai an yi odarsa daga waje, kai kuma kana nan kana hawa kabu-kabu, motar miliyoyi tana shan ƙura ƙarƙashin bedi, awaki na kwana a inuwarta.

Wa zai gyara ma? Ina girmama makanikanmu na Maradi, mutanen da ke tayar da Toyota da Peugeot da aka yanke musu ƙauna. Amma motar tsere ta zamani rabinta kwamfuta ce. In ta yi fushi sai an jona mata na'ura ta karanta ciwonta, kuma a sami wanda ya san yaren kamfanin. In babu, sai a shiga lalube: a canza wannan, a yanke waccan waya, a cire abin da ba a gane ba. Kowane lalube da kuɗinka ake yin sa.

Sai hanya. An ƙera waɗannan motoci ne don titi mai santsi, irin manyan hanyoyin Jamus da wasu sassansu ba su da iyakar gudu. Cikinsu kusa da ƙasa yake, tazarar ba ta kai taƙi guda ba. Mu kuwa babbar kwaltarmu ita ce hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi ta Gidan Rumji, Tibiri, Maradi, Cadawa, Agye, Gazawa, ta wuce Tasawa da Damagaram. A kanta kake tare da manyan motocin kaya, da amalanken shanu, da jakuna, da yara ƴan talla, ga tudun rage gudu a bakin kowane gari. Ka sauka daga kwalta kuwa, ka nufi Gangara ko Gidan Sori ko ƙauyen kakanninka, yashi ne da kwari. Da damina, in Gulbin Kaba ko Gulbin Maradi ya kawo ruwa, ko mai Hilux sai ya yi tunani. Ke nan ka sayi motar da ba za ta kai ka gaisuwar mutuwa garinku ba. Gudun da ka biya kuɗinsa kuma ina za ka yi shi? In ka ce a kan kwaltar nan, to ranar kasuwar Cadawa ka tsaya ka ƙirga yaran da ke tsallaka titi, sannan ka ba kanka amsa.

Mu yi lissafin mai. Tun watan Yulin 2024 litar mai a gidan mai sefa 499 ce. A ce motarka mai babban inji tana shan lita 15 a kilomita 100, kuma na yi mata adalci. Daga Maradi zuwa Yamai kusan kilomita 660 ne: lita 100 ke nan, jika 50, zuwa kawai. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 42 ne a wata. Tafiya guda ta cinye fiye da watan ma'aikaci. Da can ana fakewa da ruwa-ruwa, amma tun da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayun 2023 wannan arahar ta tafi, kuma injin da aka yi don tataccen mai ba ya jure na kwalba da ya sha rana da ƙura. Waɗanda suka kwana a layin gidan mai a watan Maris na 2025 sun san cewa ko matatar SORAZ da ke Damagaram ba ta hana mai yankewa.

Na san abin da za a ce, don an sha faɗa mini. “Kuɗɗina na, da gumina na samu, ina ruwanka?” Gaskiya ne, kuɗinka ne, ba kuma na cikin masu ganin duk matashin da ya samu ɓarawo ne. Na san wahalar da ke cikin sayen aya tiya-tiya a ƙauyuka har a tara buhu ɗari. Saboda na san wahalar ne nake magana. A ce motar ta tsaya maka miliyan 15 da duwan da takardu. Wannan jari ne da zai cika maka sito lokacin kaka ka fitar da bazara. Hatsi da aya suna iya tashi bayan wata shida, motar kuwa kullum ta kwana sai ta rage daraja. Ranar da ka matsu ka ce za ka sayar, wa zai saya? Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa tun Janairun 2017, ga naira ta faɗi, ɗan Katsina ko Kano da zai taya sefa ta yi masa nauyi. A gida kuma duk mai hankali ya ga yadda ta yi da kai.

Wasu kuma su ce mota ce ke buɗe ƙofa, in ka zo da babbar mota ana sauraronka a ofis, ana ba ka bashi a kasuwa, iyayen yarinya suna shimfiɗa maka tabarma. Ban musa ba, haka muke, kuma nan ne ciwon yake. Mun mayar da makullin mota takardar shaidar mutunci. Mu ne ke cika shafukan nan da zagin manya masu V8, muna tambaya ina suka samu, amma in abokinmu ya faka jar mota a ƙofar gidan biki, mu ne na farko wajen ɗaukar hoto, ba mai tambayar komai. Al'ummar da ke tashi tsaye don ƙarfe ta riga ta gaya wa ɗanta cewa ya samo ƙarfen ko ta wace hanya. Yaron da ke kallonka daga bakin titi darasi yake ɗauka, kuma ba darasin tara tiya-tiya ba.

Akwai abin da ya fi duk wannan nauyi, musamman ga ƴan uwanmu na yamma. Tun 2019 dubban mutane suka tsallako daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suna gudun ƴan bindiga, aka tsugunar da wasunsu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Satar mutane don kuɗin fansa ta taɓa ƙauyukan Gidan Rumji da Madarunfa, kowa ya sani. Laifin masu satar ne, ba na wanda aka sata ba. Amma masu kai musu labari ido gare su, kuma motar da babu irinta a gunduma gaba ɗaya shela ce mai taya huɗu. Kai kana iya kwana Maradi. Tsohonka da ƙannenka suna ƙauye, kowa ya san ɗan wane ne mai jar motar nan. Ɗan kuka shi ke jawo wa uwarsa jifa.

Ba ina cewa matashi ya rayu kamar wanda aka yi wa baki ba. In kana buƙatar mota, sayi wadda za ta yi maka aiki: mai tsayin ciki, wadda kowane gareji daga Gazawa zuwa Gidan Rumji ya san ta, wadda kayan gyaranta ke rataye a shago. Irin wadda in naƙuda ta kama matar maƙwabci da tsakar dare za ta shiga yashi ta kai ta gidan likita, ba a ɗora ta a amalanke ba. Motar tsere kujera biyu gare ta na kirki, ko mahaifiyarka ba za ta iya shiga ba sai ta durƙusa.

In kuma duk da haka ranka ya nace, to ka yi wa kanka tambayoyi kafin ka tura ko dala. Ka ga motar da idonka, ko hoto ka gani? Ka sa an binciki lambar jikinta an ga ko ta taɓa hatsari ko nutsewa? Ka san sunan makaniken da zai taɓa ta, ka je garejinsa ka ga irinta ta shiga ta fita da ƙafarta? Bayan ka biya, kana da ajiyar da za ta sayi wani injin ba tare da ka taɓa jari ko gonar gado ba? In ɗaya daga cikin amsoshin nan a'a ce, ba ka da halin motar, halin sayenta kawai gare ka. Dillali zai karɓi ladansa ya kashe waya, kai za a bari da ita. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.