Wai Mutane Ba Sa Ƙarewa?

Wanda ya shiga Kalgo ran kasuwa, ko ya bi hanyar Gwandu da kaka, abin da idonsa zai fara cin karo da shi mutane ne. Ga yara a ƙofar kowane gida, ga mata da goyo, ga samari a bakin tasha. Saboda haka in rediyo ya ce wai akwai ƙasashen da jama'arsu ke raguwa kowace shekara, har masana suna tsammanin duniya duka za ta bi sahu, sai dattawan da ke zaune a inuwa su yi dariya. Su ce, "Zancen Turawa ke nan. Mutane ai kamar yashi suke, ba sa ƙarewa." Wani ya ƙara da cewa ko tunanin irin wannan abu ma rashin tawakkali ne.

Wannan magana kuskure ce, ko daga bakin wa ta fito. Mutumin ƙasar Kabi kuwa ya fi kowa rashin hujjar faɗinta, don a kan kufai yake zaune.

Ina Surame? Muhammadu Kanta ya gina ta a ƙarni na 16, da ganuwa ta dutse, ta zama babban birnin da ake tsoro a ƙasar Hausa. A farkon ƙarni na 18 aka watse aka bar ta. Yau mai zuwa can ba zai tarar da kowa ba sai itatuwa da ragowar bango. Birnin Kebbi da ta gaje ta, ita ma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci ta da yaƙi a 1805, kuma da matafiyin nan Barth ya ratsa ta a 1853, bayan ya baro Gwandu, tsohon birnin kango ya gani. Da a ce wani ya tsaya a kasuwar Surame zamanin Kanta ya ce wata rana kura za ta kwana a nan, da an ce ya zautu.

Ba yaƙi kaɗai ke share ƙasa ba. Wajen 1890 ciwon bushiya ya auka wa shanun ƙasar nan, ya kashe mafi yawansu, har mai garke ya wayi gari ba shi da abin tatsa. A 1914 aka yi yunwar da a wasu wurare ake kira Kakalaba. Ba a gama farfaɗowa ba murar 1918 ta iso, wadda aka ƙiyasta ta kashe mutum wajen 500,000 a Nijeriya kaɗai. Mai cewa tunanin annoba rashin tawakkali ne, sai ya tuna da annobar Amwas a ƙasar Sham, zamanin Sayyidina Umaru, wadda ta ɗauke Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabalu. Ba wanda zai ce ya fi waɗannan tawakkali. Shehun malamin tarihi Ibn Khaldun ma, annobar da ta shiga Tunis a 1348 ita ta mai da shi maraya, kuma ita ce ta kashe kusan sulusin mutanen Turai cikin 'yan shekaru. Bai ce haramun ne a duba al'amarin ba. Ya zauna ya rubuta yadda garuruwa ke lalacewa in mutanensu sun ragu.

To, wani mai wayo zai ce, "Ai duk wannan ya wuce, ga shi kuwa an fi da yawa." Gaskiya ne, kuma a nan ne gizo ke saƙa. Duk garin da ya ragu a ƙasar nan, baƙi ne suka cike shi. Gwandu kanta ƙaramin wuri ce kafin jama'ar Shehu Usmanu su sauka a cikinta a 1805. Mutanen Surame ba duka suka mutu ba, ƙaura suka yi. In yunwa ta ci arewa, kudu na da hatsi. In annoba ta wuce, mata su haifi waɗansu. Wannan ne ya sa hankalin mutane ya kasa ɗaukar labarin yanzu, don ba su taɓa ganin raguwar da babu baƙo a bayanta ba.

Raguwar da ake magana a kanta yau ba ta da gawa, ba ta da kuka. Haihuwa ce kawai ke ja da baya. Mai karatu ya ɗauki fensir, tun da ya koyi lissafi a aji. A Koriya ta Kudu, a 2023, in aka raba haihuwa bisa yawan mata, kowace mace ba ta kai ɗa ɗaya ba, lissafin 0.72 ne. Watau mutum 100, maza 50 mata 50, za su bar 'ya'ya 36. Waɗannan 36 kuma za su bar jikoki 13. Unguwar da kaka ya sani da mutum 100, jikansa zai same ta da 13, alhali ba a harba kibiya ko ɗaya ba. Ƙasar Sin, wadda ake buga misali da yawanta, ta fara raguwa a 2022. A Japan an ƙidaya gidaje wajen miliyan 9 da ba kowa a ciki. Duniya ta cika mutum biliyan 8 a 2022, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya na ƙiyasin za ta tsaya a wajen biliyan 10 cikin shekarun 2080, daga nan ta soma sauka.

Manomin shinkafa a fadamar Kalgo zai ce ina ruwansa, tun da gidansa cike yake da 'ya'ya. Sai ya duba gonarsa. Injin ban ruwan da ke kuka a bakin rijiyar burtsatse, a wace maƙera ta Kabi aka ƙera shi? Babur ɗin da ke kai buhu kasuwa, da wayar da ke aljihunsa, da allurar da ta hana ƙyanda ɗaukar ɗansa, akasarinsu daga hannun mutanen waɗansu ƙasashe suka fito, kuma da yawa cikin ƙasashen nan su ne masu raguwar. Ran da masu ƙera abu suka yi kaɗan, abin zai yi tsada a Kalgo, ko da Kalgo na cike maƙil.

Ko 'yan Adam za su rayu in haka ta faru? Za su rayu mana. Lokacin da Shehu ya sauka Gwandu, mutanen duniya duka ba su wuce biliyan 1 da kaɗan ba, kuma an yi noma, an yi karatu, an rubuta littattafai. Amma mutanen wancan zamani sun san abin da jikokinsu ke sakewa. Sun san gina rijiya da hannu, da ƙira, da saƙa, da rini, da ajiye gero a rumbu shekara da shekaru. Sun san gayya, wadda ke sa aikin mutum 30 ya ƙare a yini ɗaya. Irin wannan sani a kan mutum ɗaya ko biyu yake zaune a kowane gari, kuma in gari ya ragu, shi ke fara tafiya, tun kafin bango ya faɗi.

Nan ne aikin wanda ya fita daga ajin yaƙi da jahilci. Gardama da rediyo ba ta ƙara masa kome. A unguwarsa akwai tsohon da ya ga farin 1973 da yunwar 1984 da idonsa, ya kuma ji labarin ta 1914 daga bakin kakansa. Ya sayi littafin rubutu ya je ya zauna gabansa. Ya tambaye shi wace irin dawa ce ke jure ƙarancin ruwa, wane gefen fadama ne ambaliya ba ta ci, a wane wuri ake samun ruwa kusa in an haƙa, kuma kwana nawa ake jiƙa 'ya'yan anza ana sake musu ruwa kafin ɗacinsu ya fita a iya ba yara.