Kalmar "safe" ba laya ba ce

Makon nan da faɗa na zo, kuma abokan faɗan nawa su ne masu rubuta manhaja da ke ganin kalma ɗaya a jikin sunan umarni su saki jiki, ba tare da sun buɗe sun ga abin da ke ciki ba.

Kwanakin baya wani ƙanena da ke koyon rubutu a cikin kanel ɗin Linux ya turo mini aikinsa in duba. Na tambaye shi ina kwaɗon da ya sa kafin ya bi teburinsa yana goge bayanai. Ya ce, "Yaya, ai ba ya buƙata, hash_for_each_safe na yi amfani da shi, ga shi nan an rubuta safe." A Turanci kalmar na nufin babu haɗari. Wannan amsa ce ta hana ni barci, don na san ba shi kaɗai ke tunanin haka ba.

Bari in shimfiɗa maganar saboda wanda bai saba ba. Kanel shi ne jigon tsarin da ke tafiyar da na'ura, shi ke raba wa kowace manhaja wurin ajiya da lokacin aiki. Duk mai riƙe da wayar Android, kanel ɗin Linux ne ke aiki a tafin hannunsa. A cikinsa akwai dubban abubuwan da ake son samowa nan take, misali hanyoyin sadarwar da wayar ta buɗe da intanet. Don haka ake zuba su a teburin hash: jerin aljihuna ne, ana yin ɗan lissafi a kan sunan abu, lissafin ya faɗi aljihun da zai shiga. Idan abubuwa da yawa suka faɗa aljihu ɗaya, sai a ɗaure su kamar sarƙa, kowane yana riƙe da adireshin na gabansa. Bin tebur kuwa shi ne ka shiga aljihu bayan aljihu, kana taka sarƙar ɗaya bayan ɗaya.

To me hash_for_each_safe yake yi? Abu ɗaya tak. Kafin ka taɓa abin da kake tsaye a kansa, yana kwafe adireshin na gaba ya ajiye maka a gefe, ta yadda ko ka goge wanda ke ƙarƙashin ƙafarka, ba ka ɓata hanya ba. Daga hannunka yake kare ka. Bai san da zaman kowa ba bayan kai.

Amma wayoyin yau da yawa ƙwaƙwalwa takwas gare su, duk suna aiki a lokaci guda, kuma teburin na kowa ne. A ce ƙwaƙwalwa ta farko tana kan abu na biyu, ta ajiye adireshin na uku. A daidai wannan ƙiftawar ido ƙwaƙwalwa ta biyu ta cire na ukun, ta mayar da gurbinsa ga kanel, kanel ya ba wani aiki dabam ya zuba nasa kayan. Ta farko ta ɗaga ƙafa ta taka adireshin da ta ajiye, tana karanta kayan wani a matsayin nata. In an yi sa'a na'urar ta faɗi nan take, a gane akwai matsala. In ba a yi sa'a ba ta ci gaba da tafiya tana lalata bayanai a ɓoye. Irin wannan kuskure na amfani da gurbi bayan an sake shi yana cikin manyan ƙofofin da masu kutse ke bi su ƙwace iko da na'ura gaba ɗaya. Hotunan mutane da saƙonninsu da manhajar bankinsu duk a bayan wannan ƙofa suke.

Na san amsar da za a ba ni, don ƙanen nawa ya ba ni ita: "Na gwada sau dubu bai faɗi ba." Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Tagar da haɗarin ke shigowa ba ta kai kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba. A kan kwamfutarka kai kaɗai kana iya shekara ba ka gan ta ba. A kan miliyoyin na'urori da ke aiki dare da rana, wani zai faɗa cikinta yau, kuma ba zai san sunanka ba balle ya kawo ƙara.

Hanya mafi sauƙi ita ce kwaɗo. Duk mai son taɓa teburin, ko karatu ko gogewa, ya riƙe spinlock ko mutex ɗaya, ya gama ya saki. Wasu na raina wannan, wai yana sa ƙwaƙwale bin layi. Gaskiya ne yana jawo jinkiri idan masu karatu sun yi yawa. Amma ni na fi son manhaja mai ɗan nawa a kan mai gudu da ke zubar da kayan mutane, kuma yawancin teburan da ɗan koyo zai rubuta ba su kai cunkoson da jinkirin zai dame shi ba.

Idan cunkoson ya tabbata, akwai RCU, dabarar da ta shiga Linux a 2002, wadda Paul McKenney ya shahara da kula da ita. A nan mai karatu ba ya jiran kowa: ya kira rcu_read_lock, ya bi teburin da hash_for_each_rcu, ya kira rcu_read_unlock. Sai dai nan ma na ga ana yi wa rogo kallon kitse, ana zaton sa haruffan nan uku ya wadatar. RCU alkawari ne mai ɓangare biyu. Masu gogewa dole su riƙe kwaɗo a tsakaninsu. Dole su cire abu da hash_del_rcu, wanda ke barin adireshin na gaba a jikin abin da aka cire, don mai karatun da ke tsaye a kansa ya samu hanyar wucewa. Kuma haramun ne su saki gurbin nan take, sai sun jira duk masu karatun da suka riga shiga sun fita, ta hanyar synchronize_rcu ko kfree_rcu. Shi ma mai karatu da nasa sharaɗin: ba ya barci a tsakanin kira biyun nan, kuma in yana son riƙe abu bayan ya fita, sai ya ƙara lambar masu riƙe da shi da refcount_inc_not_zero, in an ce masa ta riga ta koma sifili ya haƙura. Ɓangare ɗaya ya karya alkawari, an koma gidan jiya.

Ko an cika duk wannan, abin da ka gani a zagayenka ba hoton tebur ba ne na lokaci guda. Kana iya ganin wanda aka riga aka cire, kana iya rasa wanda ya shigo bayan ka wuce aljihunsa. Lamarin ya fi tsanani a rhashtable, teburin da Thomas Graf ya shigar a 2014, mai iya faɗaɗa kansa yana cikin aiki. Idan ya canza girma kana tsakiyar bi, rhashtable_walk_next zai dawo maka da -EAGAIN, a koma farko, ka sake haɗuwa da waɗanda ka riga ka gani. Wanda ke ƙidaya bai shirya wa wannan ba zai ƙirga abu ɗaya sau biyu.

Kada a ɗauka 'yan koyo kaɗai suna ke ruɗa. Akwai wata alama a kanel da ake kira SLAB_DESTROY_BY_RCU. Ƙwararru sun zaci tana hana a sake amfani da gurbin abu har sai masu karatu sun fita, alhali abin da ta lamunce kawai shi ne gurbin zai ci gaba da ɗaukar abu mai irin wannan siffa, ko da wani sabo ne. Ruɗanin ya kai a 2017 aka sauya mata suna zuwa SLAB_TYPESAFE_BY_RCU. Hausawa sun ce suna linzami ne, to linzamin nan ya ja manya zuwa rami, balle kai da ni.

Saboda haka laifin biyu ne. Wanda ya raɗa suna mai faɗin baki yana da nasa kaso. Amma kaso mafi girma na wanda ya ƙi karatu ne, domin fayil ɗin hashtable.h a buɗe yake ga kowa, gajere ne, ana karance shi kafin shayi ya huce. Kayan bincike ma kyauta suke: lockdep na kama kuskuren kwaɗo, KASAN na kama taɓa gurbin da aka saki, KCSAN da ya shigo a 2020 na kama ƙwaƙwale biyu suna rububin wuri ɗaya.

Na mayar wa ƙanena aikinsa da tambayoyi uku, na ce kada ya sake turo mini sai ya rubuta amsarsu a saman teburin: wa ke karanta shi, wa ke canza shi, kuma wane ne ke sakin gurbi, a yaushe? Ya ɗauki kwana biyu, ya dawo da spinlock ɗaya da layi huɗu na bayani. Wanda ke ganin na tsaurara, filin a buɗe yake, ya kawo hujjarsa mu gwada ta da KASAN a kunne.