Tambayar da Ba a Yi wa Maza

A ƙananan kamfanonin da matasa ke kafawa a Gusau, daga masu hada-hadar kuɗi ta waya zuwa makarantu da asibitocin kuɗi, akwai tambayar da ake ajiye wa mata a ƙarshen ganawar neman aiki: “Kina da aure? Yaushe kike sa ran haihuwa?” Magidanci mai mata biyu da ’ya’ya bakwai ba wanda ke yi masa ita. Wariya ce, ko da an yi ta cikin fara’a.

Hujjar masu kamfani sananniya ce: jari kaɗan ne, ma’aikata ba su fi biyar ba, idan ɗaya ta tafi jego aiki ya tsaya. To, nawa ne nauyin? Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ya ba mace mako shida kafin haihuwa da shida bayanta, da aƙalla rabin albashi idan ta cika wata shida a wurin aikin, ya kuma hana a kore ta a cikin hutun. Mako shida kwana 42 ne. Wato kwana biyu bayan gama wankan jego za ta koma bakin aiki. Jihar Kaduna tun 2019 ta ba ma’aikatanta mata wata shida. Kamfanin da rabin albashin mako goma sha biyu zai durƙusar da shi, lissafinsa ne bai tsaya ba tun farko.

Dokar kanta tana da giɓi. Ma’anar “ma’aikaci” a sashe na 91 ta cire masu aikin gudanarwa da na ƙwarewa. Akanta da masaniyar kwamfuta suna iya faɗawa wannan rami, don haka abin da aka rubuta a takardar ɗaukar aiki shi ne babban madogararsu.

Saboda haka, ’yar’uwa, ko daga Jami’ar Tarayya ta Gusau kika fito ko daga kwalejin kiwon lafiya ta Tsafe, shirin iyalinki ba ya cikin abin da za ki bayyana a ganawa. Idan aka tambaya, ki mayar da zance kan aikin cikin ladabi. Ranar da aka miƙo miki takarda, kafin ki sa hannu, ki nemi a rubuta tsawon hutu, da abin da za a biya, da lokacin shayarwa, musamman idan kullum daga Bunguɗu za ki shigo mota. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku kuma masu kamfani, kun san yadda iyaye a Zamfara suka sha surutu da ɗawainiya kafin ’yarsu ta kai ga digiri. Duk wadda kuka mayar gida don tana da ciki, kun ba maƙwabcin da ya cire tasa ’yar daga makaranta hujja. Ku rubuta tsarin hutun haihuwa, ku nuna wa kowa, sannan ku daina tambayar.