Zauren Uwargida: Siro na Gida Domin Bazara, da Awon da Ke Tsare Shi

Yaya muka ji da zafi?

Duk wanda ya zauna Yamai ko Maraɗi ko Damagaram, ko Injamena da Marwa, ya san abin da watannin Afrilu da Mayu suke zuwa da shi. Awon zafi yakan haura digiri 40 kwana da kwanaki, har ma a farkon Afrilun 2024 ya kai 48 da rabi a garin Kayes na ƙasar Mali. A irin wannan lokaci kuɗin cefane yakan zurare wajen lemun kwalba da na leda. Uwargidan da ta ce za ta yi nata kuwa, sai ta riƙa hura wuta kullum tana dafa zoɓo ko tsamiya, abin da ya kwana kuma ya wayi gari ya yi tsami, balle idan wutar lantarki ta ɗauke firigo ya huce. Maganin wannan wahala shi ne a dafa sau ɗaya, a dafa da kauri, a ajiye a kwalba, duk mai ƙishirwa ya tsiyayi kaɗan ya ƙara ruwa. Wannan shi ne abin da ake kira siro.

Sunan ya zo mana ta bakin Faransanci, amma asalinsa kalmar Larabci ce, sharab, wato abin sha. Aikin ma ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, domin kakanninmu sun san maɗi, wanda suke dafawa daga ruwan ɗinya ko na rake har ya yi kauri, su ajiye, su kuma ja alewa da shi. Abin da ya rage mana shi ne mu san dalilin da ya sa wani siro yake yin watanni lafiya, wani kuma ya lalace cikin mako. Dalilin bai wuce awo ba.

Abin da ke tsare siro

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Abin da ke sa zoɓo tsami wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, cikinsu har da ƙwayoyin yis, dangin wanda ke kumbura kwaɓin burodi. Suna nan a iska da hannu da jikin ƴaƴan itace. Idan suka sami ruwa mai ɗan zaƙi da ɗumi, sai su ci sukarin su mayar da shi iska da barasa. Amma idan sukarin ya yi yawa ƙwarai, sai ya tsotse ruwan jikinsu su kasa hayayyafa, kamar yadda gishiri da rana suke yi wa nama. Ana samun wannan tsaro ne idan sukari ya kai wajen kashi 65 cikin 100 na nauyin siron, wato kilo 2 na sukari a kan lita 1 ta ruwa. Wadda ba ta da sikeli ta auna kofi 5 na garin sukari a kan kofi 2 na ruwa, da kofi iri ɗaya. Idan aka yi kilo 1 a kan lita 1, siron zai yi daɗi, amma sai a firigo zai zauna, shi ma bai kamata ya wuce wata guda ba.

Wannan magana ta shafi gidan Musulmi kai tsaye, domin abin sha mai zaƙi idan aka bar shi ya fara tsima, hanyar giya ya kama. Imam Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa ana jiƙa wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, zabibi a ruwa yana sha, amma ba ya wuce yammacin rana ta 3 yana shan jiƙo ɗaya. A zafin ƙasashenmu kuwa tsimuwa tana da sauri, saboda haka wadda ta rage sukarin siro don tattali, ta kuma ajiye shi a ɗaki mai zafi, ta jawo wa kanta asara da shubuha gaba ɗaya.

Tukunya da kwalba

Kafin a ɗora komai a wuta, a dubi tukunya. Zoɓo da tsamiya da lemun tsami duk masu tsami ne, tsami kuwa yana cin ƙarfe. A shekarar 2014 an wallafa wani bincike a kan tukwanen alminiyam da ake zubawa daga tarkacen ƙarafa a Kamaru, aka gano cewa suna sakin gubar dalma idan aka dafa abu mai tsami a ciki, gubar da ta fi yi wa ƙwaƙwalwar yara illa. Don haka a nemi tukunyar ƙarfe marar tsatsa, wadda ake kira inoks, ko mai fenti wadda fentinta bai ɓantare ba. A juya da muciya ko cokalin katako wanda bai taɓa shiga miya ba.

Kwalba kuma ta gilashi ta fi, mai murfi mai kamawa. A wanke ta da sabulu, a nutsa ta da murfinta a ruwa, a tafasa minti 10, a kife ta a kan tsabtataccen ƙyalle. Ƙananan kwalabe sun fi babba guda, saboda wadda ba a buɗe ba ita ce mai daɗewa. A guji robobin da yara suke tsintowa a titi, haka nan duk jarkar da ta taɓa ɗaukar mai ko maganin ƙwari, komai wankin da ta sha.

Siron zoɓo

Zoɓo, wanda mutanen Yamai suke kira bisap, na Kamaru su ce folere, na Gana sobolo, na Sudan karkade, shi ne mafi sauƙi. A sami busasshe giram 200, a tsince, a ɗauraye shi sau 2 don fitar da ƙura da yashi. A zuba masa ruwa lita 1 da rabi tare da kanumfari ƙwaya 10, a bar shi ya tafasa minti 10, a sauke, a rufe na awa guda. Mai son ƙamshin na'ana'a ta jefa ta bayan an sauke. Sa'an nan a tace da ƙyalle mai laushi, a auna ruwan da ya fito, domin zoɓon yakan shanye wani abu. A kan abin da aka auna ake lissafin sukari. A mayar kan wuta marar ƙarfi, a zuba sukarin ana juyawa har ya narke sarai, a bar shi ya tafasa minti 2 zuwa 3, a kwashe kumfar da ta taso. Kada a daɗe ana tafasawa, domin zoɓo yana da wani sinadari mai sa kauri, yana iya daskarewa a kwalba ya ƙi zubowa. A ɗura shi da zafinsa a kwalba mai ɗumi, a cika kusan baki, a rufe nan take.

Siron tsamiya

A ɓare tsamiya giram 400, a jiƙa ta a tafasasshen ruwa lita 1 da rabi na awa 2, a murje da tsabtataccen hannu har ƙwallayen su rabu da naman. A tace da rariya, a sake tacewa da ƙyalle, domin dusar da ta rage ita ce ke fara lalacewa. Daga nan aikin ɗaya ne da na zoɓo. Tsamiya tana karɓar masoro da kimba, amma kaɗan, kuma a dafa su a ruwan kafin a tace.

Siron citta

Yawancin cittar da ke kasuwanninmu daga kudancin Kaduna take fitowa, musamman yankin Kachia, shi ya sa da cuta ta faɗa wa gonakinta a daminar 2023 tsadarta ta kai ko'ina. Yin siro yana taimakawa a mori kowane ɗan yanki. A kankare ɗanya giram 300, a daka ko a goga, a dafa a ruwa lita 1 da kwata na minti 20 a rufe. A tace, a bar ruwan ya kwanta rabin awa, a tsiyaye na sama a bar farin garin da ya zauna a ƙasa. Ita citta ba ta da tsami, tsami kuwa mataimakin sukari ne wajen tsaro, yana kuma hana shi komawa ƙwaya a gindin kwalba. Saboda haka a matse lemun tsami 5 a kowace lita kafin a auna a zuba sukari.

Siron lemun tsami shi kaɗai ana yin sa da rabin lita na ruwan lemun da rabin lita na ruwa a kan kilo 2 na sukari, a cire ƴaƴan tukuna, da ya fara tafasa a sauke, domin doguwar wuta tana sa shi ɗaci. Mangwaro da ƴaƴan kuka kuwa gara a sha su a ranar da aka haɗa. Namansu yana da kauri, ba ya tacuwa sosai, dahuwa kuma tana rage bitamin C wanda kuka ta yi suna da shi.

Siron da aka yi da cikakken awo, aka rufe da zafi, aka ajiye a wuri mai duhu da sanyi, kamar gindin randa, yakan yi wata 2 zuwa 3. A rubuta ranar dahuwa a jikin kwalba. Wadda aka buɗe a sa ta a firigo, in babu a shanye cikin kwana 10, kuma a tsiyaya, kada a tsoma cokali. Idan aka ga kumfa tana tasowa, ko murfi ya yi tsit da ƙarfi wajen buɗewa, ko wari ya canza, ko fumfuna ta yi a sama, to a zubar duka. Kwashe saman a sha na ƙasa ganganci ne.

Awo na biyu, a kofi

Zuma da zaƙi, da harbi. Sukarin da ya tsare siro a kwalba shi ne kuma zai iya cutar da mai sha idan aka saki hannu. Kilo 2 a lita 1 yana ba da siro wajen lita 2 da kwata. Idan aka bi abin da aka saba rubutawa a kwalaben kanti, wato awo 1 na siro a awo 7 na ruwa, za a sami lita 18 na abin sha, kuma kowane kofi mai kwatan lita zai ɗauki sukari wajen giram 28, kusan ƙaramin cokali 7. Wannan bai gaza na lemun kwalba ba, wanda gwangwaninsa na santilita 33 yake da wajen giram 35. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2015, ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci a yini, wato wajen giram 50 ga babba, in an sauko zuwa giram 25 ya fi. Ke nan kofi 2 sun ƙetare iyaka, ba a ma lissafa na shayi da kunu ba.

Falalar na gida ita ce awon yana hannun uwargida. Awo 1 a awo 12 na ruwa yana saukar da kofi zuwa wajen giram 17, kwalbar kuma ta fi daɗewa. Domin kada ya yi lami, tun wajen dahuwa a ƙarfafa zoɓon da cittar, yadda ɗanɗano zai fito daga tsami da yaji da ƙamshi. A riƙa rage zaƙin sannu a hankali, harshen yara zai saba. Kada a bar kwalba a hannun yara su haɗa da kansu. Mai ciwon sukari ya sha jiƙon zoɓo ko tsamiya marar sukari, mai shan maganin hawan jini kuma ya shawarci likita, domin zoɓo yana ɗan saukar da jini. Wadda ta fi son zuma ta tuna cewa ba a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba.

Saura ruwan da za a tsarma da shi. Siro ba ya tsarkake ruwa, sanyi kuma ba ya kashe ƙwayoyin kwalara da taifot, saboda haka ƙanƙarar da aka yi da gurɓataccen ruwa cuta ce a daskare. A yi amfani da ruwan da aka tafasa ko aka sa wa maganin tsarkakewa, ƙanƙarar da ba a san asalinta ba kuma a jingina ta a jikin jug daga waje. Yaron da ke gudawa kada a ba shi siro, zaƙi mai yawa yana ƙara masa zawo. Nasa shi ne ruwan gishiri da sukari na asibiti, in babu a haɗa lita 1 ta tafasasshen ruwa da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a kuma garzaya da shi wurin likita.

Wadda za ta fara, ta fara da rabin awo: zoɓo giram 100, sukari kilo 1 a rabin lita. Idan hannu ya faɗa, sai ta ƙara tsamiya da citta, ta sami abin tarbar baƙo da na buɗa-baki da na aika wa maƙwabta ba tare da hura wuta kullum ba.

Allah ya ba mu lafiya da wadata, ya kawo mana damina mai albarka.